Ƙeyar Baba a Ƙofar Tashar Inugu

Ranar Alhamis ce, ƙarshen damina. Na tashi kamar kullum, kafin jiniyar ma'aikatar jirgin ƙasa ta busa. An yi ruwa kafin asuba, tsakar gidanmu na unguwar Asata a Inugu duk jar laka. Na hura wuta, na ɗora ruwan koko. 'Yata Hajara tana goye a bayana, ko rarrafe ba ta fara ba. Mijina ya tafi Anaca da shanu tun farkon mako. Daga ni sai ita sai mahaifina, wanda ke zaune tare da mu tun rasuwar mahaifiyata.

Daga bayan gida ina jin ƙarar buroshi a jikin doki. Baba ya riga kowa tashi. Bai taɓa karyawa ba sai Bidi ya ci dusarsa, an share masa turke, an duba kofatansa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon doki ne, haƙora sun zube, gadon baya ya lotsa, amma a gidanmu shi ne ɗan fari, ni ce ƙanwa. Na leƙa na ce koko zai huce. Baba ya ce, "Uwata, bar shi ya huce, ba gudu zai yi ba." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana Ladi ba.

Sai na faɗi ko wane ne Baba, in ba haka ba abin da ya yi ranar nan zai zama kamar hauka a kunnen wanda bai san shi ba.

Yana saurayi a Garwa, lokacin Jamus na riƙe da ƙasar, ya yi aikin barga a hannun wani hafsansu mai tabon takobi a kumatu. Sunansa ya fi ƙarfin bakin mutane, sai suka sa masa Mai Tabo. Mutumin nan ya ce a ƙasarsu, wadda Baba ke kira Furusiya, yana cikin 'yan tsirarun mahayan da ke tsaron lafiyar sarkinsu. Ba su da yawa, in ji shi, duka-duka ba su cika barga biyu ba. Ba a ɗaukar gajere. Hularsu ta ƙarfe ce, da tsuntsu a samanta ya buɗe fikafikai. Ba su ake turawa gaba ranar yaƙi ba. Aikinsu su raka sarki duk inda za shi, su tsaya a ƙofa in ya shiga. Abin da Mai Tabo ya yi har aka cillo shi Garwa shan rana, Baba bai sani ba. Ni dai na sha ce masa ba abin kirki ya yi ba, shi kuma ya harare ni.

Da Ingilishi suka kori Jamus, Baba ya shiga aikin ɗan sanda. Shekaru suka tura, aka so a yi wa gwamnan Inugu 'yan rakiya na doki. Aka tattaro mutum takwas, duk daga Arewa, Musulmi da Kirista, aka ba Baba saje. Ƙasar nan ba ta doki ba ce. Tsando ya cije su, ciwon sammore ya kama su, a binne, a sake ɗoro wasu daga Kano a jirgi. Bargarsu har da wayar sauro a tagogi kamar ɗakin Bature, kullum da yamma ana turara musu hayaƙin ɗanyen ganye. A cikin wannan warin hayaƙi aka haife ni.

Abin da Mai Tabo ya koya wa Baba, shi Baba ya koya wa mutanensa, bai rage ko ƙwaya ba. Ɗan rakiya na ƙarshe yana tafiya ne a baya, ba ya shan gaban wanda yake rakawa. In wanda ake rakawa ya shiga ƙofa, sai ka juya dokinka, ka ba ƙofar baya, ka fuskanci titi, don ba daga ciki mugun abu ke zuwa ba. Daga nan ba ka waiwaye. Ba ka sauka. Sai motar ta tashi, ko jirgin ya tashi, har ka daina jin ƙararsa.

Ina da shekara bakwai na gwada shi. An yi wani biki a gidan gwamna, mahaifiyata ta kai ni kallo. Na sulale ta cikin ƙafafun mutane har bayan dokinsa, na ƙwala, "Baba!" Ko gezau. Na sake. Ina kallon wani ƙuda ya sauka a ƙeyarsa, ƙasa da jar dararsa, ya cije shi har jini ya tsattsafo, bai ɗaga hannu ba. Na koma gida ina kuka, na ce Baba ya ƙi ni a gaban mutane. Da ya dawo ya ɗora ni a cinya. Ya ce ya ji ni sarai, amma wuyan ɗan rakiya ba nasa ba ne. Sai muka yi yarjejeniya ni da shi. A kan mashinsa akwai 'yar tuta ja da fari. Duk ranar da na kira shi yana bakin aiki, zai ɗan sunkuyar da mashin, tutar ta yi ƙasa kaɗan ta koma. Ba wanda zai lura sai ni. Haka muka yi ta yi har na girma na ji kunyar ƙwala kira a titi.

Bayan mulkin kai aka kawo babura masu jiniya. Dama takwas ɗin nan sun koma huɗu. Biyu sun rasu, ɗaya doki ya karya masa ƙugu ya koma Kagoro, ɗaya ya bi wata mata Fatakwal ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Aka sallami sauran ba ko busa. Aka karɓe sirada masu kyau, aka cire ƙarfen kan kowane mashi aka mayar sito. Baba ya roƙi gorar mashinsa da tutar, aka bar masa. Bidi kuwa ba mai so, don ya tsufa, sai aka ce ya tafi da shi. Sau biyu manyan gari suna zuwa neman sayensa, don a al'adarsu akan yanka doki a jana'izar babban mutum. Sun zo da mutunci, da goro. Baba ya raka su har ƙofa da mutunci, bai sayar ba.

To, ranar Alhamis ɗin nan. Shekara ta shida ke nan da samun mulkin kai.

Kwanaki ke nan jiragen da ke zuwa daga Arewa suna sauke mutane a tasha. Mutanen Gabas ne, masu gudowa. Na ga wasu da idona, kuma ba zan rage wa abin da aka yi musu komai ba: an ɗaɗɗaure musu kai da tsumma, wasu ba hannu, wasu an sauko da su a tabarma. Maƙwabciyarmu Mama Nkeci, wadda ɗakinta ke jingine da namu, ɗanta akawu ne a Kano. Kullum da safe takan tafi tasha ta duba fuskoki, ta dawo da azahar ta zauna a dokin ƙofa. Mun daina haɗa ido ni da ita. Ba faɗa muka yi ba. Kunya nake ji, ban san me zan ce mata ba.

Ƙarfe takwas na tafi kasuwar Ogbete sayen dusa da kayan miya. Rabin rumfunan mutanenmu a rufe. Mai dusa ya auna mini bai yi ciniki ba, yana ta kallon bakin hanya. Matar da nake sayen manja a wurinta shekara da shekaru ta miƙo mini kwalba ba ta ɗago kai ba. Na gaishe ta da harshensu, don a bakina ya tashi tare da Hausa. Ta amsa ƙasa-ƙasa, ta ce in tafi gida. Wani jirgin ya shigo da asuba, in ji ta, kuma abin da ke cikinsa ya fi na jiya.

Agogon coci ya buga goma ina layin 'yan tumatir. Sai na ji wani sauti daga can gefen mahauta, kamar ruwan sama a kan kwano tun bai iso ba. Na ɗaga kai, sama fes. Sai ƙarar kwalabe. Sai usur. Sai kukan shanu, duka a lokaci ɗaya. Mutane suka fara kwararowa ta layin, tire na zubewa, ana taka tumatir. Na ga Isiyaku mahauci, wanda ke ajiye mini ƙashin miya, ya fito da gudu hannunsa a sama. Aka cim masa a bakin kwata. Ban tsaya ba. Na yar da dusar, na tallafe Hajara ta baya, na bi lungun masu gawayi. A can na ji muryar Isiyaku ta yanke.

Da na isa gida an riga an cika tsakar gidanmu. Ƙofarmu ta ƙarfe ce, shi ya sa. Mata ne da yara da tsofaffi, sai Malam Yohanna tela, mutumin Kafanchan, ya naɗe hannunsa da yadin wani, jini na ɗiga a laka. Ba mai kuka da ƙarfi. Hayaƙi ya tashi ta gefen kasuwa, baƙi, mai warin roba. Wajen sha ɗaya wata motar 'yan sanda ta wuce da lasifika. Duk wanda ba ɗan Gabas ba ya tafi tasha, akwai jirgi da yamma. Ta faɗa sau uku, ta wuce. Ba ta ce wa zai kai mu ba.

Daga gidanmu zuwa tasha ba nisa. Ranar lafiya, kafin ruwan shayi ya tafasa ka isa. Amma sai ka ratsa babban titi, kuma a nan sautin nan yake.

Mama Nkeci ta shigo ta ƙofar baya, ta wajen turke. Ba ta je tasha ba ranar. Ta kama hannuna, karo na farko cikin kwanaki. Ta ce masu tarzoma suna bi gida-gida, sun gama layin masallaci, namu ne na gaba ko na bayansa. Ta ce in ba ta Hajara, za ta ce jikarta ce. Na ce a'a. Ta kwance zanen da ke kanta ta naɗa mini irin ɗaurinsu, ta fita.

Na nemi Baba ban gan shi ba. Ɗakinsa a rufe. Na buga, shiru. Raina ya ɓaci. Na ɗauka ya shiga salla ne, ko yana haɗa tarkacensa na tsofaffi alhali ana neman kai da kaya.

Ƙofar ta buɗe. Ya fito cikin kakinsa. Jar dara, jar ɗamara, naɗin ƙafa har gwiwa, maɓallan tagulla da yake gogewa duk Juma'a ba dalili. Kakin ya yi masa yawa, wuyansa na yawo a ciki. Warin kafur ya cika wurin. Wata yarinya ta yi dariya, uwarta ta toshe mata baki. Ni kuwa fushi ne ya kama ni, ba tausayi ba.

Na ce, "Baba, yau ranar wasa ce?"

Ya miƙo mini ƙunshi: farar rigarsa ta Juma'a, wando, hula, da takalmansa na fata. Ya ce, "Uwata, riƙe mini. A jirgi zan canza."

"Bidi fa?"

"In kun shiga zan sake shi."

Na karɓa. Ya zagaya baya, ya fito da Bidi an ɗaura masa tsohon sirdi. Sai da Malam Yohanna ya tallafa masa da kafaɗa kafin ya hau. Amma da ƙafarsa ta shiga likkafa, bayansa ya miƙe. Aka miƙa masa gorar nan mai tuta. Ba ƙarfe a kanta, ko kaza ba za ta kashe ba.

Ya yi magana da wata murya da na manta yana da ita.

"Biyu-biyu! Masu goyo a tsakiya! Kada wanda ya yi gudu! Kada wanda ya waiwayo! Buɗe ƙofa!"

A nan na ga fuskarsa. Ban kalle ta da kyau ba. Ina gyara goyo, ina cusa ƙunshinsa a hammata, kuma ina jin haushinsa. Na dai ga gefen gemunsa da ƙyallin zufa a hancinsa. Aka buɗe ƙofa, muka fita, ya bi bayanmu.

Rana ta take. Titinmu ba kowa, sai takalmi ɗaya-ɗaya da keken ɗinki a kife cikin kwata. Muna tafiya a hankali, yadda ya ce. Abin da nake ji shi ne kofato a kan kwalta, kwaf, kwaf, kwaf, a bayanmu, ba sauri ba jinkiri. Irin takun da aka koya wa Bidi don bin motar gwamna ranar biki. Na ɗora ƙafata a kan wannan sautin. Ina jin kowa ma haka ya yi, don ba a jima ba takunmu ya zama ɗaya.

A mahaɗar babban titi muka same su. Suna da yawa. Adduna, sanduna, ƙarfen gado. Yawancinsu samari ne, amma akwai manya, akwai mata. Na san wasu. Na ga wani yana kuka yana riƙe da adda, hawaye shaɓe-shaɓe, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Suka juyo gaba ɗaya. Layinmu ya fara rawa, na gaba suka ja da baya suka taka na bayansu.

"Alt!"

Kalmar Jamus ce, da ita Baba yake tsayar da doki. Bidi ya tsaya, mu ma muka ƙame.

"Gaba! A hankali!"

Kofato ya ci gaba, muka ci gaba. Sai na ji wani dattijo a cikinsu ya ce da harshensu, mutanen gwamna ne. Maganar ta bi baki-baki. Duk wanda ya girma a Inugu ya san jar darar nan da tutar nan. Tun suna yara ake kore su gefen titi in sun gan ta, kuma ƙafafunsu ba su manta ba. Suka dare. Wasu har suna leƙen bayan Baba, suna neman motar da ke tafe. Muka bi ta tsakiyarsu. Ina jin numfashinsu, ina jin warin kananzir a jikin wani. Na kafa idona a kan ɗankwalin matar da ke gabana.

Mun kusa fita wani ya gane ba wata mota. Ya yi ihu da Turancin kasuwa: "Na oni wan ol man!" Tsoho ne shi kaɗai. Dutse ya wuce ta saman kaina. Wani dutsen ya faɗi a kan kwano. Sai na ji wani ya sami abu mai taushi, na ji Bidi ya yi wani irin huci. Kofaton ya rikice, kwaf-kwaf-kwaf, ya yi shiru.

Wuyana ya fara juyawa da kansa. Sai muryarsa: "Kada wanda ya waiwayo!"

Kwaf. Kwaf. Ya dawo daidai. Suka biyo mu, amma daga nesa. Duk wanda ya matso sai Baba ya karkata dokin ya tare hanya, ina jin haka a sautin kofato. Ban san sau nawa aka jefe shi ba. Ban gani ba. Shi ya ce kada in gani.

An fara kiran azahar a zuciyata, don masallaci ba mai kira ranar, lokacin da muka isa tasha. Ƙofar shingen a rufe, 'yan sanda uku ko huɗu a ciki, sun buɗe ɗan wurin da mutum ɗaya zai wuce. Aka rinƙa jan mu ciki ɗaya bayan ɗaya. Malam Yohanna ne na ƙarshe. Da na ji ƙafata a cikin shinge, na juya in ce Baba ya sauko.

Ya riga ya juya doki.

Ya ba ƙofar baya, ya fuskanci titi. Gindin gorar a kan likkafa, tutar a tsaye. Wutsiyar Bidi tana kusan taɓa shingen. A gabansa, tsallaken titi, mutanen nan sun yi cirko-cirko. Jini na gangarowa daga ƙarƙashin dararsa, ta ƙeya, yana shiga wuyan kakin. Nan da nan na gane. Mun shiga, amma jirgi bai tashi ba. A wurin Baba aiki bai ƙare ba.

Na yi wajen ƙofa. Ɗan sanda ya sa gindin bindiga ya tura ni, wai in koma ciki. "Go insai!" Na ce mahaifina ne. Na faɗa da Hausa, na faɗa da harshensu. "Go insai!" Mutane suka danno daga baya, igiyar jama'a ta kwashe ni har dandamali.

Daga can ina hango shi ta saman kawuna. Bai motsa ba. Muddin yana nan, ba wanda ya tsallako titin. Ban san me suke tsoro ba, tsoho ne da sanda. Wataƙila ba tsoro ba ne. Wataƙila ba wanda ya so ya zama na farko. Mutanenmu kuwa suka rinƙa ɓullowa daga lunguna, daga wajen Kasuwar Artisan, daga bayan sito, suna raɓawa ta bayan dokin suna shigewa. Wata tsohuwa ta shafa ƙafarsa da za ta wuce. Rana ta karkata. Inuwarsa ta yi tsawo har ta shigo cikin shingen. Ƙafar Bidi ta baya tana rawa, ina gani daga inda nake.

Bayan la'asar jirgin ya shigo daga Fatakwal, ya riga ya cika da irinmu. Aka ƙara taragun gawayi marasa rufi a bayansa. Aka ɗaga mu aka jefa ciki kamar buhuna. Na taka wani, wani ya taka ni. Na kutsa har gefe, na kama bakin ƙarfen, Hajara na tsala kuka a bayana. Daga nan ƙofar tana fili. Tsakanina da shi bai fi a jefa dutse ba.

Na ƙwala, "Baba!"

Na ƙwala, "Mun shiga! Sauko!"

Malam Yohanna ya taya ni da "Saje! Saje!" Matan gidanmu suka ɗauka. Jirgin ya yi kuka, ya girgiza, taragu suka bugi juna. Na cika ƙirjina na kira shi yadda na kira shi ina 'yar shekara bakwai. Tutar ta yi ƙasa kaɗan, ta koma.

Ko kuma iska ce. Hadari ya haɗo a lokacin, har ya fara kaɗa zannuwa. Ko hannunsa ne ya gaji. Tun azahar yake riƙe da gorar.

Jirgin ya ja. Shingen ya fara tafiya baya. Na ga jar dara, na ga ƙeya, na ga tsallaken titi ya fara motsi kamar an buɗe wa ruwa hanya. Sai bangon sito ya shiga tsakani. Na kasa kunne ko zan ji haniniya, ko kofato. Jirgin ya sake kuka, ya rufe komai.

Ruwa ya sauko mana kafin magariba, ya wanke mu da baƙin gawayi. Na rungume ƙunshin a cikina kada ya jiƙe. A Makurɗi aka sauke mu aka canza jirgi. A can wata mata ta gane jaririn da take shayarwa ya daɗe da sanyi. A Kafanchan 'yan uwan Malam Yohanna suka karɓe mu, muka kwana a cocinsu. Bayan wata biyu mijina ya same mu. Ta kwalekwale ya tsallake kogi daga Anaca, ba shanu, ba takalmi.

Duk jirgin da ya biyo bayan namu na tare shi. Na koma kamar Mama Nkeci, ina duba fuskoki. Wani ya ce ya ga doki ba mahayi a hanyar kasuwa, linzami na jan ƙasa. Wani ya ce 'yan sanda sun shigar da wani tsoho mai kaki ciki bayan jirgi ya tashi. Wani ya rantse cewa da magariba ya wuce ta wurin, kuma har lokacin Baba yana tsaye. Ba wanda ya ga gawa. Na tambayi duk wanda muka hau tarago ɗaya ko ya ga tutar ta motsa. Suka ce wace tuta.

Da yaƙin basasa ya ƙare na koma Inugu sau ɗaya. Rufin gidanmu ya tafi. Mama Nkeci tana nan, ta rame, idonta ɗaya ya mutu. Ɗanta bai dawo ba. Ba ta san komai game da Baba ba. Ta ce ranar nan ta kulle kanta a ɗaki. Muka zauna a dokin ƙofa har yamma. A bayan gida turken Bidi na nan a kafe, ta ɗaura igiyar shanya a jiki.

Mu ashirin da uku muka fita daga ƙofar gidan nan, har da na goye. Ashirin da biyu muka hau jirgi, ba wanda aka taɓa a hanya. Rigarsa tana cikin akwatina, da wandon, da hular, da takalman. Duk shekara nakan fito da su in shanya. Wani lokaci in ce ya ba ni su ne don da gaske zai canza a jirgi. Wani lokaci in ce don in yarda in wuce ne.

Hajara ta girma, ta haifi nata. Kwanan baya ƙaramar jikata ta tambaye ni kamannin kakan uwarta. Ba mu da hotonsa. Na buɗe baki in faɗa mata, na rufe ido in gan shi. Tun ƙofar gida rabona da fuskarsa. Duk hanya yana bayanmu, a tasha kuma ya ba mu baya. Na ce mata dogo ne, yana da 'yar furfura a ƙeya, da wani ɗan tabo inda ƙuda ya taɓa cizonsa.